Daga Damagaram Zuwa Bakin Teku: Yadda Ake Kai Iyali Hutu a Dawo da Su Lafiya

Duk wanda ya tashi a Damagaram ya san darajar ruwa, amma ba lalle ya san ƙarfinsa ba. Mun san jiran famfo da tsakar dare, mun san kuɗin ƴan garuwa, yaranmu kuma a tafkunan damina suka koyi ɗan iyon da suka iya. Shi ya sa idan ɗan garin nan ya samu hali ya kwashi iyali zuwa Kwatano ko Lome ko Akara, ya tarar da bakin teku maƙil da jama'a, ana kiɗa, ana ƙwallo, ana hawan doki, sai hankalinsa ya kwanta. Ai ga mutane, me zai faru? To, a nan kuskuren yake. Yawan jama'a a bakin teku ba ya tsare kowa. A cikin taro kowa yana zaton wani ne ke duba yaron, kuma a cikin taro ne waya da jakar kuɗi ke yin ƙafa. Tafiya ce mai kyau wadda nake son kowane magidanci mai hali ya yi wa iyalinsa, amma da shiri ake yin ta.

Wace gaɓa, wane wata

Fara da zaɓen wuri, don ba duk bakin teku ne ake shiga ruwansa ba. Mafi kusa da mu, kuma inda muke da ƴan'uwa da ƴan kasuwa, su ne Fijirose a Kwatano, da doguwar gaɓar Lome da ta bi gefen babban titin birnin, da Labadi a Akara, da Elegushi a Legas, da Garan Basam mai nisan kilomita kusan 40 daga Abijan. Duk waɗannan suna fuskantar Atalantika kai tsaye, babu wani abin da ya tare musu igiyar ruwa. Gaɓar Kwatano da Lome tana da gangare, igiya kuma a daidai bakin rairayi take fashewa da ƙarfi. In ka lura da kyau za ka ga mafi yawan ƴan garin zama suke a rumfa suna shan iska, kaɗan ne ke nisa cikin ruwa. Ba tsoro ba ne, sani ne.

In burinka yara su yi wasa cikin ruwa sosai, nemi wurin da ke da kariya. Tarkwa Be a Legas tana bayan shingen duwatsun tashar jiragen ruwa, da jirgin ruwa ake zuwa, kuma ruwanta ya fi lafawa. A Senegal akwai Sali, kilomita kusan 80 kudu da Dakar, da tsibirin Ngor. A Asini ta Kodebuwa akwai ɓangaren teku akwai ɓangaren tafki. Sai dai a kula da tafkuna da koguna masu ruwan daɗi, don a irinsu ake ɗaukar tsargiya. Ruwan gishirin teku ba ya ɗauke da ita.

Batun wata kuwa, akwai wani rashin dace da ya kamata a sani. Babban hutun makarantunmu yana faɗowa daga Yuli zuwa Satumba, daidai lokacin da teku ta fi fushi a wannan yanki. Daga Kwatano har Abijan damina biyu suke yi: babba daga Afrilu zuwa Yuli, wadda ta fi ƙarfi a Yuni, sai ƙarama wajen Oktoba da Nuwamba. A Agusta ruwan sama yana tsagaitawa, gari ya yi sanyi da lumshi, amma igiyar ruwa tana da girma, ruwan kuma da sanyi. Daga Disamba zuwa Maris sama tana washewa, teku ta fi kwanciya, hunturu ma yakan leƙa can a Janairu. To amma a ƙarshen Disamba ne duniya ke taruwa a Akara da Legas, kuɗin ɗaki ya hau, hanya ta cushe. Wajen 10 ga Janairu ana bikin addinin gargajiya na bodun a Wida ta ƙasar Benin, garin yana cika da baƙi. A Akara, Litinin ɗin da ke bin Ista da kwanakin bayan Salla bakin teku ba ya da masaka tsinke.

In ni za a tambaya, daga tsakiyar Janairu zuwa ƙarshen Fabrairu ya fi. In kuwa dole sai hutun Agusta, a je da niyyar kallo da jiƙa ƙafa, kada a je da niyyar iyo.

Takardu da hanya

Katin rigakafin shawara shi ne abin da mutane suka fi mantawa, shi ne kuma ake yawan tambaya a kan iyaka. Allura ɗaya ce, tun 2016 aka amince tana aiki har ƙarshen rayuwa, amma katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin ta. Kada a bari sai gobe tafiya. Kowane mutum da nasa, har yara.

Sai fasfo ko katin ɗan ƙasa wanda bai mutu ba, da takardar haihuwar kowane yaro. In da yaron da ba naka ba a cikin tafiyar, ɗan ƙanenka ko ɗan maƙwabci, ko kuma uwa ce za ta tafi da yara ita kaɗai, a yi takardar izinin iyaye a sa mata hatimin hukuma. Jami'an kan iyaka a ƙasashen gaɓar teku suna sa ido sosai kan safarar yara, kuma suna da gaskiya. Nijar ta fita daga Sedeyawo, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a ranar 29 ga Janairun 2025. Ƙungiyar ta ce za a ci gaba da karɓar takardun ƴan ƙasashen da suka fita har sai an sanar da wani abu daban. Saboda haka kafin ka sayi tikiti, je tasha ka tambayi direbobin da suka dawo cikin makon nan. Labarinsu ya fi na kowa sabunta. Ka ɗauki hoton duk takardun a waya, ka kuma bar kofi a gida.

Hanyar da aka saba ita ce Damagaram, Maraɗi, Ƙonni, Dogondutsi, Doso, sannan a karkata kudu zuwa Gaya, a haye kogi a shiga Malanbil, a bi Paraku har Kwatano. An rufe gadar Gaya a 2023, matafiya suka koma haye kogi da kwalekwale, don haka sai ka tabbatar da halin da ake ciki kafin ka ɗauko tsohuwa da jarirai. Hanya ta biyu ita ce ta Kano, mai nisan kilomita kusan 240 daga nan ta Matamai da Daura. Daga Kano akwai jirgin sama da manyan motoci zuwa Legas, daga Legas kuma Kwatano ba ta da nisa ta kan iyakar Seme. Daga Kwatano zuwa Lome kilomita kusan 150 ne, daga Lome zuwa Akara bai kai 200 ba. Hanyar da ta ratsa Burkina kuwa, ban ba mai iyali shawarar bin ta ba saboda matsalar tsaro. Ko wace ka zaɓa, ka raba tafiyar, a kwana a hanya. Yaron da ya yi kwana biyu a kujerar mota ba zai ji daɗin komai ba in an isa.

Sefarmu tana aiki a Benin da Togo da Kodebuwa da Senegal, ba sai ka canza ba. Gana sidi suke ci, Najeriya naira. Ka tambayi kamfanin aika kuɗin da ka saba da shi ko yana da reshe a garin da za ka. In yana da shi, aika wa kanka rabin guzurin ka karɓa a can, ya fi ka yi ta yawo da damin kuɗi a aljihun riga. Agogo ma a kula: Benin da Najeriya lokacinmu ɗaya, amma Togo da Gana da Kodebuwa da Senegal suna bayanmu da awa ɗaya.

Masauki

Baƙo ko da ido makaho ne. A Kwatano akwai unguwar Zongo, a Lome akwai Agwe Zongo, a Akara akwai Nima da Sabon Zongo, a Legas akwai Agege. A can za ka ji Hausa, ka samu masallaci da tuwo da naman da ka yarda da yankansa, ka kuma samu wanda zai ce maka wuri kaza ana shiga, wuri kaza ya ci mutane. Sauka kusa da su ka riƙa zuwa teku da tasi ya fi arha, ya kuma fi kwanciyar hankali a kan otal ɗin da ke manne da gaɓa, inda kiɗa ba ya mutuwa sai asuba a ƙarshen mako. Duba ɗaki kafin ka biya: ruwa na zuwa, fanka na aiki, ƙofa na kulluwa, akwai inda za a ɗaura gidan sauro. Ka taho da gidan sauronka. Mu nan sauro da damina yake zuwa, can kuwa ba ya hutu duk shekara.

Ranar zuwa

Zaɓi Talata ko Laraba ko Alhamis, ku fita bayan karin safe, ku isa wajen ƙarfe takwas. Da safe iska ba ta taso ba, rairayi bai yi zafi ba, masu rumfa ba su fara tsauwala kuɗi ba. Lahadi da yamma ita ce ƙololuwar cunkoso. In kana son yara su ga taron, ku je ku gani daga rumfa, amma ba ranar shiga ruwa ba ce.

Fasfo da manyan kuɗi su zauna a masauki. Abin da za ka riƙe shi ne kofin takardarka, waya ɗaya cikin leda mai rufewa, da canji: ƴan dala ashirin-ashirin, dala ɗari-ɗari, da ƴan jikkuna. Ga ruwan sha mai yawa, tabarma, tawul, kayan sauyawa, silifa, da jarka ƙarama ta ruwan daɗi don ɗauraye jiki. Wannan jarkar tana da wani amfani da za mu zo kansa.

Wasu wuraren, kamar Labadi da Elegushi, ana biyan kuɗin shiga. A ciki kuma kusan komai da kuɗinsa: kujera, laima, rumfa, ban ɗaki, hoto, doki. Ƙa'idar ɗaya ce, a yi ciniki kafin a zauna. Mai doki zai taho yana murmushi, kafin ka ankara ya ɗaga ƙaramin ɗanka ya ɗora a sirdi, yaro yana ta dariya, an yi zagaye ɗaya an dawo, sannan a faɗa maka kuɗin da ba ka zata ba. Tun yana nesa ka ɗaga masa hannu ka ce, "Tsaya tukuna, abokina, nawa ne, kuma daga ina zuwa ina?" Haka mai rumfa: kuɗin na awa ne ko na yini, na mutum ɗaya ne ko na iyali, kuma dole ne a sayi abin sha a wurinsa? Mutanen nan neman halak suke, yawancinsu masu kirki ne, in aka yi magana tun farko ba a samun rigima.

Wajen zaɓen wurin zama, kalli rairayi. Za ka ga layin da ruwa ya kai a cikarsa ta baya, inda ya bar ciyayi da ƴan tarkace. Shimfiɗa tabarmarka sama da wannan layi. Teku tana cika tana janyewa sau biyu cikin dare da yini, tsakanin cika da janyewa awa shida da ƴan mintoci, kuma cikar ta fi yawa a tsayuwar wata da daren sha huɗu da sha biyar. Wanda ya san kwanan watan Musulunci ya riga ya samu rabin lissafin. Ka zauna kusa da wani abu da ake hangowa daga nesa, doguwar bishiyar kwakwa ko rumfa mai launi, ka nuna wa kowa.

Ruwan kansa

Kafin kowa ya taɓa ruwa, tsaya a tudu ka yi minti goma kana kallo kawai. Ka nemi tuta: ja na nufin kada a shiga, rawaya a yi hattara, kore ruwa da sauƙi, inda kuma aka kafa tutoci masu ja da rawaya a haɗe, tsakaninsu ne masu ceto ke tsaro. Wurare da yawa a gaɓarmu babu tuta babu mai ceto. In haka ne, tambayi masunta. Su suka san ruwan, kuma ba sa rowar bayani.

Sannan ka matsa ka tsaya inda igiya ke ƙarewa, ruwa iya idon sawu. Igiya za ta zo ta wuce ka, sai ta juya. A wannan juyowar za ka ji rairayin da ke ƙarƙashin dugaduganka yana zarewa, ƙafarka tana nutsewa, jikinka yana karkata gaba ba da sonka ba. Wannan a idon sawu ke nan. Ka auna yadda zai kasance a ƙugu, ga kuma wata igiyar ta taso ta fi tsawonka. Igiyoyi ba girmansu ɗaya ba. Ƙanana za su yi ta zuwa har ka saki jiki, sai manya su biyo a jere. Don haka ba a juya wa teku baya, ko don ɗaukar hoto.

Abin da ya fi cin mutane shi ne kwararon ruwa mai komawa ciki. Ruwan da igiyoyi suka tara a baki dole ya koma, sai ya samu wata ƴar kafa tsakanin tudun rairayin da ke ƙarƙashi ya bi ta nan da gudu, kamar yadda ruwan sama ke tattaruwa ya bi kwararo ɗaya a Birni bayan an yi mamako. Gudunsa yakan haura mita 2 a daƙiƙa, abin da ko gwanin iyo na duniya ba ya iya ja da shi. Mugun abin shi ne kamanninsa. A inda yake igiya ba ta fashewa sosai, ruwan ya yi duhu ya yi luf, kamar wata hanya tsakanin farin kumfa na dama da na hagu. Mu da muka saba da tafki, idonmu nan zai kai mu, mu ce ga wuri mai sauƙi, yara ku zo nan. Alhali nan ne bakin ramin. Ka lura da kumfa ko leda ko ciyawa da ke tafiya cikin teku a layi ɗaya, ko wurin da ruwan ya yi launin ƙasa ya miƙe ciki. Gefen duwatsun da aka jera don tare zaizayar gaɓa, irin na gabashin Kwatano, da gefen gadojin da suka shiga ruwa, nan ma yana yawan zama.

In ya ɗauke ka, abu na farko kada ka yi kokawa da shi. Ba ƙasa yake ja ba, ciki yake ja, kuma gajiya da firgita su ne ke nutsar da mutum. Kwanta rigingine, buɗe hannuwa, bar ruwan ya ɗauke ka, ka riƙa numfashi. Yawanci faɗinsa bai wuce mita 25 ba, kuma ƙarfinsa yana mutuwa bayan inda igiyoyi ke fashewa. In ka iya iyo, yi gefe, ka bi tsawon gaɓa, har ka fita daga cikinsa, sannan ka bar igiya ta turo ka baki. In ba ka iya ba, ci gaba da kwanciya, ɗaga hannu ɗaya, yi ihu.

In wani ne ya shiga, wannan ita ce magana mafi wuya, amma dole a faɗe ta: kada ka faɗa bayansa hannu rabbana. Sau da yawa mai ceton ne ke rasuwa, wanda aka je ceto ya fita. Yi kururuwa, nuna shi da hannu kada idonka ya bar kansa, tura wani ya kira masu ceto ko masunta. Zubar da ruwan jarkar nan, rufe ta tam, jefa masa. Kula ta ƙanƙara ko ƙwallo ma suna yi. Lambar ƴan kwana-kwana a Benin da Togo 118 ce, a Kodebuwa 180, a Gana da Najeriya kuma 112. In an fito da mutum ba ya numfashi, a kwantar da shi, a ɗaga haɓarsa, a hura masa iska ta baki sau biyar, sannan a riƙa danna tsakiyar ƙirji sau 30 ana hurawa sau biyu, har taimako ya zo. Kada a ɓata lokaci wajen matsa ciki wai a fitar da ruwa. Wanda kuma ya farfaɗo amma yana tari ko numfashi na yi masa wuya, asibiti za a kai shi ko da ya ce ya warke.

Ga wanda bai iya iyo a teku ba, iyakarsa gwiwa. Iyon tafki ba ya shiga lissafi. In za a hau jirgin ruwa ko kwalekwalen yawon buɗe ido, kowa ya sa rigar ceto a ɗaure, in babu a fasa.

Yara

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne ƴan ƙasa da shekara biyar. Yaro in yana nutsewa ba ya ihu, ba ya fantsama ruwa yadda ake zato. Bakinsa yana shiga yana fita, ba shi da numfashin kira, cikin ƙasa da minti ɗaya an gama. Mutum na iya tsayawa kusa da shi bai gane ba.

Saboda haka a ɗora tsaron a kan mutum ɗaya, a ambaci sunansa. Ba "ku duba yara" ba, a'a: "Hajiya, ni ne a kansu yanzu, in na gaji zan faɗa miki ki karɓa." Wanda ke kan aiki ba ya riƙe waya, ba ya hira, ba ya cin abinci, kuma ƙaramin yaro ba ya wuce inda hannunsa zai kai. Kada a bar wa ƴar shekara goma ƙannenta, ita ma yarinya ce. Robar da ake hurawa ba ta tsare yaro, iska ma tura ta ciki take yi.

Don ɓacewa cikin taro, a sa musu riguna masu launi mai haske, a ɗauki hotonsu da safe cikin kayan da suka sa, a rubuta lambar waya a takarda a sa cikin leda a aljihu ko a ɗaura a hannu. Yaranmu da yawa ba su da Faransanci ko Turancin da za su yi bayani in sun firgita. A ce musu, "In ba ka gan mu ba, tsaya inda kake, ko ka je wurin mace mai yara ka nuna mata takardar." Kada kuma a bari su haƙa rami mai zurfi su shiga, rairayi yana ruftawa.

Sutura da salla

Babbar riga, zane, dogon hijabi da abaya, in suka sha ruwa nauyi suke yi su naɗe ƙafa, igiya ta samu abin kamawa. Sutura ba ta hana shiga ruwa, amma a zaɓi wadda ta dace. Mace ta sa wando mai kama ƙafa, riga mai dogon hannu iya cinya marar nauyi, da ƙaramin hijabi da ba ya yawo, ta ajiye babban mayafi a hannun wata don ta yafa da ta fito. Namiji wando mai wuce gwiwa da ƴar riga. Za ku ga masu shigar da ba irin tamu ba, za ku ga ana shan giya. Garinsu ne da al'adarsu. Ka kau da kai, ka matsa gefen da iyalai suke, ka kuma hana samarinka ɗaukar hoton mutane ba da izini ba, don yana jawo faɗa na gaske.

Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, abin da ke cikinsa kuma halak ne, kamar yadda ya zo a hadisi. Alƙibla ba ta da wuyar ganewa daga Legas har Abijan: teku tana kudu, in ka fuskance ta gabas na hagunka, sai ka juya hagu ka ɗan ƙara karkata wajen tudu. Matafiyin da bai yi niyyar zaman kwana huɗu a gari ba yana yin ƙasaru. A yi salla bi da bi, kada a bar yara da kaya babu kowa.

Rana, ci da sha

Za ka ce wanda ya sha zafin Afrilu a Damagaram me ranar Lome za ta yi masa. Zafin can bai kai namu a ma'auni ba, da wuya ya wuce digiri 33, amma iskar jiƙe take, zufa ba ta bushewa, jiki ba ya hucewa. Iskar teku kuma tana ruɗar mutum ya kasa jin ƙishirwa. A riƙa sha ana ba yara ko ba su nema ba. Daga ƙarfe goma sha ɗaya zuwa uku a zauna a inuwa. Baƙar fata ma tana ƙonewa, musamman kafaɗa da hanci da bayan wuya, don haka a sayi man kariyar rana mai lamba 30 ko fiye a farmasi, a sake shafawa bayan an fito ruwa. Mai amfani da man sauya launin fata ta fi kowa buƙatar inuwa. Jariri ɗan ƙasa da wata shida ba a sa shi a rana sam.

Kifi a ci wanda aka gasa a gabanka, da zafinsa. Sabon kifi idonsa garau yake, ƙasan kunnensa ja. Jatan lande da ƙaguwa, wanda bai taɓa ci ba ya fara da kaɗan. In leɓe ya kumbura ko jiki ya yi ruɗu-ruɗu ko numfashi ya toshe, a nufi asibiti nan take. Ruwan kwakwa da aka fasa a gabanka ya fi duk wani abin sha mai ƙanƙarar da ba ka san ruwanta ba. Ka riƙe ƙunshin gishiri da sukari na farmasi saboda zawo.

A kan rairayi yara za su ga wata halitta mai kama da leda mai santsi, wata fara wata shuɗiya, da zare-zare. Ko ta mutu tana harbi. In ta taɓa mutum, a wanke da ruwan teku, a cire zaren da wani abu ba da hannu ba, kada a goge da rairayi, sannan a tsoma wurin cikin ruwa mai zafin da fata za ta iya jurewa na kamar minti 20. Silifa kuma tana kare ƙafa daga fasasshiyar kwalba da ƙugiyar masunta.

Tashi da komawa gida

Ku tattara kafin rana ta faɗi. A can duhu yana rufowa da sauri, fitilu kaɗan ne, kuma gaɓar da babu mutane da dare ba wurin baƙo ba ce. Ku kwashe ledojinku da robobinku ku fita da su. In za ku hau zemijan, wato kabu-kabun Kwatano da Lome, a yi ciniki tukuna, amma da yara tasi ta fi. A masauki kowa ya yi wanka da ruwan daɗi, a tsane kunnen yara, a ɗauraye kaya a shanya inda iska ke bugawa, don a wannan laima tufafi jiƙaƙƙu kan yi wari cikin dare ɗaya.

Ka ware kuɗin komawa tun ranar da kuka isa, kada ka taɓa shi ko a babbar kasuwar Kwatano, ka kuma sayi tikiti kwana biyu kafin tashi in lokacin cunkoso ne. Bayan an dawo Damagaram, duk wanda ya yi zazzaɓi cikin makonnin da suka biyo baya a kai shi a gwada jini a ranar, ko da rani ne ba lokacin sauro ba, a kuma faɗa wa likita ƙasar da aka je da ranar da aka dawo.